Ni na kwaso kuɗin cizo daga Lisbon, an ɗora wa tsohuwa

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu, da fatan kowa yana lafiya. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku fara zagina ku karanta har ƙarshe, don duk abin da za ku faɗa na riga na faɗa wa kaina.

Ni ɗaliba ce a Birmingham, a Balsall Heath nake zaune. Da muka gama jarrabawa na ga 'yan ajinmu kowa yana goya jaka yana tafiya yawon buɗe ido, ni ma raina ya biya. Na samu biza da tikiti mai arha zuwa Lisbon, jirgin daga Manchester zai tashi. A can Manchester, unguwar Gorton, akwai Anti Rahila, nas ce, maƙwabciyarmu tun a Kaduna, gidanta kamar gidanmu ne. A lokacin tana da tsohon ciki. Mijinta Oga Bitrus shi ya ara mini jakarsa ta goyo. Tana haɗa mini guzuri tana cewa, "Ki kama hotel mai tsabta, ban da hostel ɗin nan na 'yan yawo." Na ce ai na riga na kama. Ƙarya nake, hostel ɗin na kama, irin wanda ake gwamutsa mutane a ɗaki ɗaya kan gadaje masu hawa biyu.

Garin kam ya haɗu, ba zan zalunce shi ba. Na hau tudu har ƙafata ta kumbura, na ga tsohuwar ganuwa, na ci gasasshen kifi a bakin teku, na cika waya da hotuna ina ta yi wa mutane yanga. Amma masaukin nan, Allah ya tsare ku. Warin safa da jiƙaƙƙen tawul, gashin mutane a maƙale a magudanar banɗaki, wata ta shanya kamfanta a kan ƙarfen gadona. Da safe na tashi da ƙuraje a jere a wuya da damtse. Na ɗaga gefen katifa sai na gan su, kuɗin cizo ne, jajaye sun sha jini sun yi ɓul-ɓul, ga baƙin kashinsu a duk ɗinkin. Na murtsuke ɗaya, warin ya kusa sa ni amai. Wai a Turai, inda muke zaton ko ƙuda sai da izini yake shiga. Jakar kuma a ƙarƙashin gadon nan ta kwana har na baro garin.

Ga inda laifina yake. Da na sauka Manchester na juye kayana a leda na ƙulle tam, don in na koma Birmingham in wanke da ruwan zafi, haka kuwa na yi. Na san abin da nake gudu ke nan, ko ba haka ba? Amma jakar, ko kaɗe ta ban yi ba, na tura ta ƙarƙashin gadon ƙaramin ɗakin su Anti Rahila inda na kwana, na yi godiya. Anti Rahila ta ga wuyana ta tambaya, na ce sauro ne na bakin ruwa. Kalma ɗaya ce ta gagare ni, don kar a ce 'yar gayu ta kwana a ƙazanta.

Ba a jima ba ta haihu, mahaifiyarta ta zo daga gida don wankan jego. Mama tsohuwa ce mai tsabtar tsiya, muna yara ko a tsakar gidanta ba ka isa ka yar da ɓawon gyaɗa ba. A wannan ƙaramin ɗakin aka sauke ta, a nan kuma take kwantar da jaririyar ta yi barcin rana. Bayan 'yan makonni jikin yarinya ya feso da ƙuraje, suka kai ta asibiti aka ce cizon ƙwaro ne. Suka ɗaga katifa suka ga abin da na gani a Lisbon.

Na je dubiya na tarar da akwatunan Mama a waje bayan ginin cikin ruwan sama, an ɗaure a baƙaƙen ledoji. Zannuwanta na zuwa coci, kuka da daddawar da ta sha wahalar kawowa, har bargon marigayi mijinta da ba ta rabuwa da shi, duk an kai shara. Oga Bitrus yana ta faɗa a falo, ko sassauta murya bai yi ba: "Shekara nawa muke a flat ɗin nan ba mu taɓa ganin wannan abu ba? Daga zuwan kaya daga ƙauye shi ke nan. Yanzu landlord zai ce mu ƙazamai ne." Anti Rahila ta sunkuyar da kai, ba ta kare uwarta ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Ke da kika kwana a ɗakin kafin ta zo, kin ga wani abu?" Na ce ban ga komai ba. Wallahi haka na ce, Mama tana zaune a kan kujerar roba a kicin tana jina. Wace irin mutum ce ni? Babu wanda ya tuna da jakar, don a tunaninsu abin da ya fito daga Turai ba ya ɗauko ƙwaro.

Yanzu ba a barin Mama ta ɗauki jikarta sai ta canja kaya, kuma Oga Bitrus ya matso da ranar tafiyarta, ƙarshen makon nan za ta koma tun ba a gama jego ba. Tun ranar nake ƙyamar kaina, ko hotunan ba na iya buɗewa, jikina sai ya riƙa ƙaiƙayi. In na faɗi gaskiya Oga Bitrus ba zai ƙara barina in taka gidansa ba, maganar kuma sai ta kai kunnen mahaifiyata a Kaduna. In na yi shiru tsohuwar nan za ta koma gida da sunan ƙazama a idon surukinta har ta mutu.

Jiya da rana Mama ta karɓi wayar 'yarta ta kira ni. Na ɗauka ta gano. Sai ta ce, "'Yata, ranar da kika zo na rungume ki. Ki duba kayanki da kyau, kar ya zama na shafa miki. Ki yafe ni, ban san da su na zo ba."

Na ce babu komai Mama, na yafe.

Jama'a, me zan yi?