Maigida Zai Miƙe a Kan Ruwa

Zuwa ga ƙanwata Ɗaso,

Assalamu alaikum. Ya gwiwar taki, ya yaran? Mu nan unguwar Tandabawi alhamdulillahi, in ban da haƙori ɗaya da ya yi hijira ya bar ni.

Labarin jikana ne, ɗan Khalida, mai sunan marigayi mijina, wanda nake ce wa Maigida. Shekara biyu yana zuwa bakin teku a Jidda yana rub-da-ciki a kan guntun allo, igiyar ruwa tana turo shi gaɓa kamar kwaɗo. Yanzu ya sayi dogo, wai tsayuwa zai koya. Na ce, "Maigida, ka fara tsayawa ka yi mini cefane mana." Ya ce da kiran kaka irin na Larabawa, "Ya Sitti, wallahi Asabar sai kin zo kin gani."

Na yi dariya, amma Ɗaso, tuwo ya ƙi shiga. Bai san na riga shi hawa katako ba. Ranar da jirgin ruwanmu ya kife bayan mun baro tashar Sawakin, a kan katako na kwanta har aka tsamo ni. Kakansa ne ya turo mini shi, ya saki. Ranar kaɗai na taɓa kiran sunan mijina da bakina, kuma bai amsa ba.

Kada ki damu, zan je, har na wanke mayafi. Yaron ya ce mai koyo sai ya yi ta faɗuwa. Ki taya ni addu'a, don in ya nutse ya daɗe bai ɗago ba, na san sunan da zai fito daga bakina. Allah Ya sa wannan ya amsa.

Yayarki,
Shatu