Rigar da Baba Bai Yanka wa Wuya Ba

Zuwa ga ƙanina Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu ma alhamdu lillahi, sai dai jikin Baba.

Mun ga hotonka a jarida, an rubuta wata kalmar Turanci a ƙasa, wai taikun. Baba ya hana ni sakat sai na nemo masa ma'anarta, yana tsoron ko zaginka aka yi. Malamin makaranta maƙwabcinmu ya ce hamshaƙin attajiri ake nufi. Daga Japan Turawa suka aro ta, can tana nufin babban ubangida, laƙabin da mutanen ƙasar suke kiran shugabansu da shi idan suna magana da baƙi. Baba ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, wai Autan da ke gudun kyankyaso ne babban ubangida.

Tun ranar ya manna hoton a jikin keken ɗinkinsa, ya sa na sayo yadi, ya yanka maka riga da ido. Amma ka san shi, ba ya yanka wuya sai mai riga na tsaye a gabansa. Na kira ofishinka, wata yarinya ta ce in bar saƙo. Ni da na goya ka! Don Allah ka zo, ko wuni ɗaya ne. Ƙafarsa ta fara kasa taka keken.

Yayarka.

Auta,

Bayan gaisuwa, ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba.

Gara ka ji daga bakina. Ranar da direbanka ya kawo tsohuwar rigarka wai a gwada da ita, Baba ya shafa ta, ya sunsuna, ya naɗe ya mayar. Almakashin ya sa ƙarƙashin matashi, duk motar da ta tsaya a layi sai ya ce in tayar da shi zaune. Wallahi na ji haushinka, har yanzu ina ji.

Sabuwar rigar tana rataye bayan ƙofar shago, Baba ya shata wuyan da alli. Abokan sana'arsa sun nemi su ƙarasa, na hana. Taikun na baƙi ne, su riƙe abinsu, ni Auta nake kira. Almakashin yana wurina. Ranar da ka zo ka tsaya a gabana, ni zan yanka, ko da zai karkace.

Ka gaishe da yara.

Yayarka.