A Bar Lemon Hajara Inda Ta Dasa Shi

Zuwa ga Baturen Gona mai rangadin ƙasar Kankiya da Kusada,

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan ka huta gajiyar hanya, kai da motarka. Ni ne Mamman Ɗanbaba, manomi a Tafashiya, mai gonar nan ta bakin hanya. Ka sha wuce ni kana ɗaga mini hannu. Sau biyu na kai kukana ofis, masinja yana cewa kana shan shayi. Da na ga shayin nan ba mai ƙarewa ba ne, na ce bari in rubuto a fili kowa ya ji.

Na ɗaya. Damina huɗu ke nan da malamin gonarka, Malam Iro, ya kawo mini dashen lemon zaƙi ashirin da ɗaya. Ban roƙa ba, an zaɓe ni ne don gonata na kallon hanya. Na nuna masa gefen fadama, inda ƙasa ke da zurfi da laushi. Ya ƙi, wai umarni shi ne a ja igiya a jera su bakin hanya, yadda za ka gan su ba sai ka sauka daga mota ba. Na faɗa masa wurin nan kamu ɗaya za a haƙa a ci karo da marmara, ko kuɓewa ba ta yarda da shi. Sai ya buɗe littafi ya nuna mini hoto. Littafin nan kuwa bai taɓa haƙa rami a Tafashiya ba.

Na biyu. Kowace kaka Fulani kan sauka gonata da shanunsu, su bar mini taki. Malam Iro ya hana ni kai wa lemo, wai ƙazanta ce. Ya ba ni farin garin nan naku, takin zamani, ya ce in tula a gindinsu, ga rani ya shigo. Na tula. Ganye ya yi rawaya, ya murɗe, ya zube. Waɗanda suka kai damina kuma ruwa ya kwanta musu bisa marmara, saiwa ta ruɓe. Ban ce garinku banza ne ba, gyaɗata ta ji daɗinsa. Amma ko gishiri ba a cika wa yaro baki da shi. Ashirin duk sun mutu. Sandunansu na nan tsaye, ko ɗaya bai karkace ba. In layi kuke so, layinku na nan lafiya lau.

Na uku. Cikon na ashirin da ɗayan karkatacce ne, Malam Iro ya yar da shi don kada ya ɓata layi. Matata Hajara ta tsince shi, ta dasa bayan ɗakinta a tsohon jujinmu, inda kashin awaki da ƙaiƙayi suka daɗe suna ruɓewa, ƙasa ta yi baƙi wuluk, ruwa kuma ba ya kwanciya. Ko alif ba ta sani ba, balle boko. Takinta nesa da gindi take zubawa, daidai inda inuwar rassa ta ƙare. Duk rani tulu biyu take ɗaukowa daga rijiya, ɗaya namu, ɗaya nasa. Na yi mata dariya har na gaji, ina ce masa ɗan autanta. Da bazarar bana, saura kwanaki ya yi furen fari, Allah ya yi mata rasuwa. Yau rassansa har sunkuyawa suke don 'ya'ya.

Na huɗu, kuma shi ya ɗaga ni. Jumma'ar da ta wuce Malam Iro ya aiko cewa za ka zo da babban baƙo, don haka a tone itacen, a kai shi bakin hanya, a kafa masa allo da sunan ofishinku. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi! Itace da 'ya'ya a kansa, a tone shi cikin rani a ɗora bisa marmara? Iyakar kwanansa baƙonku ya wuce. Ranka ya daɗe, ashirin ɗin can ban yi musu kuka ba, naku ne. Wannan kam ba zan iya ba.

Roƙona kaɗan ne. A bar lemon inda yake. A ba Malam Iro diga ya haƙa bakin hanya da hannunsa, ya ji abin da littafinsa bai faɗa masa ba. In baƙonku na son ganin lemo, ya sauka daga mota ya yi sallama a zaure, ni zan shigar da shi. Ta turken awaki ake bi, sai ya kula da takalminsa. In kuma allo ya zama dole, a rubuta sunan Hajara.

Allah ya ja zamaninka, ya kiyaye motarka daga yashin rafi, ya sa wata rana ka taka ƙasarmu da ƙafarka. Na tsinko biyar na ajiye maka. Ka zo ka sha, ka faɗa mini ko da zaƙi, don ni har yau na kasa kai shi baki.

Wassalam.

Mamman Ɗanbaba, Tafashiya.