Takardar da na ɓoye wa Inna

Gagarawa, daren Talata, 14 ga Maris, 1978

Ban gaya wa kowa ba, amma takardar malamar asibiti ba ta faɗi a motar Gumel ba kamar yadda na ce wa Inna, tana cikin littafin soyayyar da nake karantawa. Ta rubuta cewa Inna ba ciki gare ta ba, al'adarta ce ke ɗaukewa, ya kamata ta riƙa shan nono, tana cin wake da zogale da ƙwai. Inna kuwa ta daina cin ƙwai wai saboda jariri, sai ramewa take yi.

Ɗazu ta ce, "'Yar nan, taɓa ki ji, kamar ya motsa." Na taɓa, na ce e. Wallahi na ji kunyar kaina.

Gobe zan miƙa mata, in karanta mata da bakina, ko da za ta yi kuka.