Yadda ɗana yake tashi, haka yayana yake tashi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin, don girman Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni matar aure ce a nan Minna, ɗana ɗaya, Sadik, shekararsa biyar. Tun yana ƙarami ake yaba cikar sharaɓar ƙafarsa, babansa har cewa yake ɗan ƙwallo muka haifa, ni ma ina taya shi dariya. Wata rana ya faɗi a tsakar gida, da zai tashi sai na ga ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawa jikinsa kamar tsani. Wallahi kwanon hannuna sai da ya suɓuce, don haka Yaya Umar yake tashi muna yara a Gwada. Yana shekara goma sha ɗaya ya daina tafiya, ya rasu bai kai ashirin ba. Mama kullum cewa take shan inna ce.

Muka kai Sadik asibiti aka yi masa gwaji. Ranar karɓar sakamakon babansa yana shago a Kasuwar Kure, ni kaɗai na shiga wajen likita. Ya ce ciwon tsoka ne, naman jikin yana lalacewa a hankali, cikar ƙafar da muke yabo ma alamarsa ce. Babu maganin warkewa, sai na rage masa gudu. Kuma ta wajen uwa yake bi, mace tana ɗauke da shi lafiyarta lau, ya sauka a kan ɗa namiji. Na gaya wa maigidana ciwon, amma ban gaya masa daga ina ya fito ba.

Na je Gwada na tsare Mama. Ta yi kuka, ta ce ƙaninta ma haka ya tafi, ta san cutar Yaya Umar ba shan inna ba ce, ta laƙaba masa sunan ne don mu ƴan mata mu samu mazan aure. Na ce to ga shi mun samu, ga abin da na haifa. Ta ce in na buɗe baki kafin bikin Hauwa ba ta yafe min ba.

Hauwa ƙanwata ce, bikinta saura sati uku, angon ɗan Bida ne. Sun yi gwajin jini na kafin aure, AA da AA, har status ta sa takardar tana hamdala. Ni ma fa AA ce, mijina AA. Likita ya ce wannan gwajin ba ya ganin ciwon, nasa daban ne, kuma Hauwa tana iya kasancewa ɗauke da shi, tana iya tsira. In na faɗa, ina tsoron dangin ango su janye, maganar ta iso kunnen mijina, in rasa Mama a kai. In na yi shiru, wata rana ita ma ta saki kwano a tsakar gida.

Masu cewa a nemi na gargajiya ku huta, babu saiwar da Yaya Umar bai sha ba. Addu'a kuma ina yi, amma na riga na ga ƙarshen hanyar nan da idona.

Jiya Hauwa ta kawo min ankon biki, Sadik ya kasa hawa dakalin ƙofa, ta ɗaga shi tana tsokanarsa da ragwanci. Ta shafa ƙafarsa ta ce, "Yaya, ki yi min addu'a Allah ya ba ni mai irin ƙafar nan." Ban iya cewa amin ba.

Jama'a, in gaya mata kafin a ɗaura, ko in bi maganar Mama?