Babbar Rigar da Ba Tawa Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, sai dai bayana da ke damuna saboda tsayuwa a kan teburin guga. Uwar yara tana gaishe ki.

Yaya, maganar ɗanki Dogo ce ta sa na ɗauki biro. Kin san ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo da nake zuwa ranar Asabar idan na rufe shagon wanki. Bana tsohon wasan barkwancin nan muka yi, wanda bara ke saka kayan ubangidansa, gari duk ya ɗauka shi ne mai arzikin. Ni aka ba baran. Aka aro mini babbar riga mai aiki har ƙasa, da hula da agogo. Mutane sun yi dariya sosai.

Ashe Dogo ya zo kallo da yayan yarinyar da yake nema, 'yar gidan wani babban ɗan kasuwa. Ina saukowa daga dandali, ban ko cire rigar ba, ya jawo shi wurina. A gabana ya ce masa ni ne mahaifinsa, kamfanin tufafi gare ni, wasan nan sha'awa ce kawai. Yaron ya durƙusa har ƙasa. Na dubi Dogo, ya sunkuyar da kai. Ni kuma ban ƙaryata shi ba, kuma hakan ya fi ƙaryarsa ci mini rai.

Bayan mako guda uban yarinyar ya aiko yana son mu gana. Dogo ya roƙe ni in sake aro rigar, har da hawaye. Na ƙi. Na goge kaftanina na tafi da hantsi. Maigadin gidan ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya ko ni ne sabon mai wankin da ake jira. Kafin in amsa, wata mai aiki ta fito ta dire mini ƙullin kaya a gabana. Na karɓa, tunda ba su yi kuskure ba. Na zauna a benci da ƙullin har maigidan ya fito, na gaya masa ko ni wane ne da abin da nake yi shekara talatin.

Bai wulaƙanta ni ba. Ya shigar da ni falo, ya sa aka kawo ruwa. Ya ce sana'ata ba ta dame shi ba, amma zai so ya yi tunani a kan yaron da ya ɓoye ubansa. Har yau bai aiko ba.

Kwana tara ke nan Dogo bai ci abinci a gida ba. Gaisuwa kawai yake yi daga bakin ƙofa. Na gaji, Yaya, ba ni da ƙarfin faɗa. Ke yake jin maganarki. Ki kira shi, kada ki zage shi. Ki ce masa kawai kwanonsa na nan a rufe kullum.

Ki gaishe mini da maigidanki, da 'yan biyu, da Auta.

Ƙaninki,
Baban Dogo