Madakin da Ya Haifi Kowa

Masaka.

Zuwa ga 'yata Kindness,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya. Kin san kunnena ba ya jin waya, shi ya sa na rubuto.

Tun da ƙanena mahaifinki ya rasu, ni ne mai ba da ke aure. To, ki gaya wa iyayen saurayinki Divine kada su zo gaisuwar da aka sa. Ɗana Marvel ya nuna mini wani shafi a intanet da aka jera sunayen waɗanda aka yi wa baftisma a tsohon mishan na garinmu. Kakanki Auta, sunan ubansa Madaki. Kakan Divine ma, sunan ubansa Madaki. Coci ɗaya, zamani ɗaya. Jininku ɗaya ke nan, kuma a wurinmu ba a wannan aure.

Ki yi haƙuri. Matata, Mamanki Christiana, tana gaishe ki.

Babanki,
Zacharias.

Jikwoyi.

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Yaya ƙafar Mama?

Na karanta wasiƙarka a ofis, sai da oga ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Da na koma gida na buɗe shafin da kaina. Baba, ba littafin coci ba ne wannan. Wasu ne a ƙasar waje suka dubi hotunan littafin suka kwafe sunaye, kuma ba su jin Hausa. Sun mai da Ladi namiji. Akwai wanda suka rubuta an yi masa baftisma kafin a haife shi. Madakin nan kuwa, sun ba shi 'ya'ya a ƙauyuka barkatai, tun zamanin Turawa har bayan 'yancin kai. Wane mutum ne wannan? Madaki sarauta ce. Wataƙila sunan mai unguwar da ya kawo yaran ake rubutawa.

Na aika musu tambaya, sai amsar na'ura ta dawo, wai sun gode da sha'awata.

Mahaifiyar Divine ta ce in ba a son ɗanta a fito fili a faɗa. Don Allah ka sake dubawa.

'Yarka,
Kindness.

Masaka.

Kindness,

Bayan gaisuwa. "Wataƙila" ba hujja ba ce. Shekara talatin ina koyarwa, na san bambancin abin da aka rubuta da abin da mutum yake so ya gani.

Ba ki san wani abu ba. Mahaifina maraya ya tashi a hannun mishan, har ya mutu bai iya faɗa mana sunan ubansa ba. Duk taron dangi, in ana kiran kakanni, mu shiru muke yi. Sai yanzu da furfura na ga sunan kakana da idona, ke kuma kina ce mini kuskuren mai buga rubutu ne.

In kina da gaskiya, je gida ki duba littafin na asali. Allah Ya kiyaye hanya.

Babanki.

Jikwoyi.

Baba,

Ina gaisuwa. Na je, na dawo.

Na roƙi hutu, na sha hanya, na sami faston cocin. Ya buɗe mini akwatin, ba komai sai ƙasa da guntayen bango. Gara ta cinye littafin tun kafin a kawo shi garin. Na ce, "To tsofaffi fa?" Ya ce, "'Yata, wadda za ta sani bara muka binne ta." A bakin cocin na zauna na yi kuka, ba don Divine kaɗai ba. Abin da ka rubuta game da Kaka ya tsaya mini a rai.

Amma na gaji, Baba. Littafi babu, masu shafi ba sa amsawa, kai kuma ka riƙe kwafen wanda bai taɓa taka garinmu ba. Za a mai da Divine Fatakwal da aiki, danginsa sun fara yi masa maganar wata.

Don haka jiya na nemi sunan mahaifin Mama Christiana a shafin. Yana nan, Gambo. Sunan ubansa Madaki, coci ɗaya da Kaka Auta. Na haɗo maka da hoton. In shafin gaskiya ne, kai da Mama 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma kun haifi biyar.

Ban rubuta don raini ba. Ka zaɓa: ko ya yi daidai a kanmu duka, ko ya yi kuskure a kanmu duka.

Ka huta lafiya.

Kindness.

Masaka.

Kindness,

Mamanki ta riga ni karanta wasiƙar. Tun ranar "ɗan'uwana" take kirana a gaban maƙwabta, ta kuma ce ita ta san kakanta, maƙeri ne, bai taɓa sarauta ba.

Iyayen Divine su zo ranar Asabar. Ni zan ba mahaifiyarsa haƙuri da bakina.

Marvel ya ce zai rubuta wa masu shafin su cire Madaki daga gaban sunan mahaifina. Na ce ya bari tukuna.

Allah Ya yi miki albarka.

Babanki,
Zacharias.